Mitocin gwajin kasa da na saya a Kejetia: daya ta ci kudinta, daya kwalliya ce kawai

Mitoci biyu na saya a wani shagon maganin gona dake bangaren kasuwar Kejetia a Kumasi ta Ghana, daya mai dogayen kafafu biyu na karfe da ake sokawa a kasa, daya kuma kaman biro mai kauri da ake tsomawa a ruwa. In kana sauri toh ga maganar a takaice, ta biron ka saya, mai kafa biyun kuma ka barta a shagon ta cigaba da yi musu ado. Amma ita ma ta biron in baka san lokacin da zaka auna da inda zaka auna ba, lamba kawai zata nuna maka ka tafi kana murna ko kana kuka a banza, shi yasa rubutun nan zai dan yi tsawo.

Mu dai ba manoma bane a nan Kumasi, shinkafa Mma take sayarwa a Aboabo, ni kuma nake rike mata lissafi. Kawu ne yake noman rani a karkashin wani karamin dam can arewa bangaren Bolga, mu muke tura kudin taki da na fawa tila, wato karamin injin huda, ta momo, wato kudin waya, in an yanke a turo mana buhuna. Duk wanda yake cin tuwon shinkafa a zango ya san shinkafar arewa, daga Tono kusa da Navrongo inda dam din yake iya shayar da kusan hekta 2,500, da Vea, da Bontanga ta wajen Tamale, sai kananan dam dam da suka warwatsu a kauyuka. Abinda ya kaini shagon shine wani bangare na gonar Kawu, can karshe inda ruwa yake taruwa, shekara da shekaru shinkafar wajen tana fitowa a tsugune, bakin ganye ya kone, in hunturu ya busar da wajen sai kaga fari fari a kan kunya kaman an barbada gari. Kawu yace taki ne bai isa ba. Mma tace taki nawa kuma, kasa ce ko rijiya.

Maganar shagon tukunna. Yaron dake tsaron wajen dan zango ne, yana da fara'a, ya bani kujera, ya bude kwalin a gabana ya sa wa ta biron batir ya nuna mun tana kamawa, ya rubuta risit ba tare da na roka ba, wannan duk na yaba. Amma ilimin kayan babu. Nace masa, kanina wannan mai kafa biyun gishiri take aunawa ko tsami? Yace, Yaya komai da komai take aunawa, har hasken rana. Gaskiya ne akwai wajen haske a jikinta, sai dai ban ga manomin shinkafar da yake bukatar mita ta fada masa akwai rana a Bolga ba. Ruwan saita mita kuma, wanda ake kira da lamba 1413, babu shi a shagon, bai ma taba jin labarinsa ba, sai a wani shagon masu kayan kiwon kifi na samu. Kudin mitocin biyu a hade bai kai na buhun yuriya daya ba, ta biron ta fi tsada kusan ninki biyu.

Mai kafa biyun bata cin batir, allura ce a jikinta tana nuna pH, wato ma'aunin tsami da kanwa, 7 ne tsakiya, kasa da 7 tsami, sama da 7 bangaren kanwa. Kafin in tura ta arewa na gwada ta a gida, na debi kasa a robobi biyu, daya na jika ta da ruwan lemun tsami sosai, daya na jika ta da jikakkiyar kanwa wadda Mma take sawa a wake. Wadannan biyun nisan dake tsakaninsu a ma'aunin pH kaman gabas da yamma ne, lemun tsami yana wajen 2 zuwa 3, ruwan kanwa yana haura 9. Allurar nan ta dan karkata kadan a na lemun, a na kanwa kuwa ko gezau, tana nan makale a kusa da 7. Na goge kafafun da soson karfe kaman yadda takardar tace, na sake, haka dai. Takardar gwaji ta pH, irin siririyar nan mai canza kala da ake sayarwa a dan kwali da araha, ita nan take ta koma ja a daya ta koma shudi a daya. Toh me ya rage.

Kuma ko da ace mai kafa biyun tana aiki tsaf, akwai abinda masu sayarwa basa fada maka, wanda shine ya fi bani haushi da mutanen da nake gani suna bidiyo sun soka mita a cikin tabon shinkafa tana nuna 7 suna cewa kasa lafiya lau. Kasar da ruwa ya kwanta a kanta ba ita bace kasar da ka sani a bushe. Da zarar ka cika fangali da ruwa, cikin kwana daya zuwa biyu iskar oksijin dake cikin kasar ta kare, kwayoyin bakteriya sun shanye ta, sabuwa kuma bata iya ratsa ruwan da sauri. Daga nan sai su koma numfashi da wasu abubuwa bi da bi, su fara da naitiret, su wuce manganis, su wuce sinadarin karfe, in abin yayi nisa su kai ga salfet, wanda daga gare shi ake samun warin rubabben kwai da kake ji in ka taka wani tabon. Shi yasa kasar da take ja ko ruwan kasa a bushe take komawa toka toka ko shudi shudi a karkashin ruwa, tsatsar karfen ce ta narke. Wannan aikin yana cinye tsami, dan haka kasa mai tsami pH dinta yana hawa. Mai kanwa kuma iskar kabon da rubewa take fitarwa tana taruwa a ciki ta sauko da nata. Bayan yan makonni dukansu sun hadu a wajen 6.5 zuwa 7. Kenan in ka auna a tsakiyar noma kusan kowace gona zata ce maka ita mutuniyar kirki ce. Halinta na gaskiya sai ta bushe yake dawowa.

Ta biron ita ba pH take aunawa ba, EC take aunawa, wato yadda ruwa yake daukar lantarki, iya yawan gishirin da ya narke a ciki iya yadda lambar take hawa. Tawa tana nuna lambobi manya irin 150 ko 900, kuma 1000 a jikinta shine 1 a ma'aunin da malaman gona suke amfani dashi, dS/m. A kula da wannan dan wasu birorin ppm suke nunawa, lissafinsu daban, kuma ba duka kamfanoni ke juya lambar iri daya ba, in da hali ka nemi wadda take nuna EC kai tsaye. Na saita ta da ruwan 1413, ta dan kauce kadan daga kwali, akwai dan madanni da ake gyarawa, ta zauna daidai. Na tsoma ta a piya wata ta nuna kadan, na zuba dan gishiri ta yi sama nan take. Wannan mita ce mai jin magana.

Lambobin da ya kamata ka rike ba su da yawa. Ruwan ban ruwa in yana kasa da 700 a biron babu damuwa, daga 700 zuwa 3000 sai da lura, sama da 3000 matsala ce babba. Ita kasa kuma shinkafa tana fara jin jiki daga 3 dS/m, kuma duk karin 1 a kan haka yana iya cin wajen kashi 12 cikin 100 na amfanin. Mutane suna dauka tunda shinkafa a ruwa take zaune toh tana jure gishiri, ba haka bane, tana cikin masu raki, musamman tana karama bayan dashe da kuma lokacin da take daukar ciki zata fidda kai, a nan ne zaka ga zangarniya ta fito amma rabi kaikayi.

Yadda muka auna kasar, dan biro ba a soka shi a kasa. Bayan an yanke, kasa ta bushe, aka kankaro ta sama daga wajen da yake ciwo daban, daga wajen da yake lafiya daban, aka shanya a inuwa aka daka aka tankade. Awo daya na kasa, awo biyar na ruwa, da sikeli ba da ido ba. Ruwan kuma tatacce ake so, wanda ake karawa batirin mota, a Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ko wajen duk wani mai batir zaka samu, amma ka tabbatar ruwan ne zalla ba mai asid ba. A girgiza sosai a kwalba, a bari ya kwanta, a tsoma biron a ruwan sama. Ga inda mutane suke faduwa, lambar da zata fito ba ita zaka kwatanta da 3 din can ba, dan ka tsinka kasar da ruwa mai yawa. In laka ce sai ka ninka wajen sau 6 zuwa 9, in kasar mai yashi ce ninkin ya fi haka. Ruwan dam din Kawu bai kai 200 ba, mai kyau ne sosai. Kasar wajen lafiya ta nuna dari da yan kai. Ta karshen gonar ta haura 600, in ka ninka ta kai wajen 3,600 zuwa 5,400, wato 3.6 zuwa 5.4 dS/m, kuma daga 4 din nan ne ake kiran kasa mai gishiri. Takardar pH a ruwan wajen ta nuna sama da 8. Na kira Kawu nace, Kawu ba yunwa shinkafar take ji ba, kishi take ji a tsakiyar ruwa, dan gishiri in yayi yawa saiwa bata iya jan ruwan. Yayi shiru, can yace toh daga ina gishirin, ruwan dam din ai sha muke yi.

Tambayar tasa tana kan hanya kuma ni ita ce ta fi daukar hankalina a duk harkar. Ruwan da ya nuna 200 yana dauke da wajen miligiram 128 na gishiri a kowace lita, ba na miya kadai ba, harda kalsiyam da magniziyam da baikabonet duk a hade. Noman shinkafa daya yana iya shan ruwa mai zurfin mita guda ko fiye, a hekta daya lita miliyan 10 kenan. Ka buga lissafin, kilo 1,280, sama da buhu 25 masu kilo 50, a noma daya, daga ruwan da kake sha kana cewa garai yake. A nan kudu ruwan sama yana wanke wannan ba tare da kowa ya sani ba. A arewa damina daya ce, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, sauran watannin hunturu da bazara rana da iska suna kwashe ruwan su bar abinda ke cikinsa, irin tukunyar miyar da aka bari a wuta, ba wanda ya kara gishiri amma tana kafewa tana kara zartsi.

Sai dai kar a dora wa shinkafa laifin da ba nata ba. Muddin ruwa yana kwance a fangali yana tsatsafowa kasa, gishirin kasa yake yi, yana barin wajen saiwa. A bakin kogin Senegal inda kasar take da tsohon gishirin teku tun asali, har aka gina dam din Diama a 1986 dan hana ruwan teku hawowa, noman shinkafa ne ma yake wanke saman kasar har a iya nomata, in dai akwai magudanar da zata fitar da ruwan. Matsalar tana zuwa ne in ruwan da ya sauka bashi da hanyar fita. Sai ruwan karkashin kasa yayi ta hawa shekara bayan shekara har ya zo kusa da sama, daga nan duk wajen da ba a rufe da ruwa ba, kan kunya, tudun da ba a baje daidai ba, gonar makwabci da aka bari ba a noma ba, wajen albasa da tumatir dake gefe, nan ne kasa zata dinga tsotso shi sama rana tana busarwa, farin ya zauna. A Mali, Office du Niger da Faransawa suka kafa a 1932, wanda dam din Markala yake ba ruwa, ruwan karkashin kasa da yake da zurfin mita gommai kafin a fara ban ruwa ya taso har kusa da sama. Kuma ruwan kogin Neja bashi da gishiri sosai, illarsa baikabonet dinsa ya fi kalsiyam da magniziyam yawa, in ya kafe kalsiyam din ya daskare ya zama farar kasa ya fita daga lissafi, sodiyam ya rage shi kadai yana mulki, pH ya haura 8.5, kasar ta koma ta kanwa. Irin wannan kasar lakarta tana watsewa ta toshe kofofin da ruwa yake bi, da ruwa ta zama sabulu, a bushe ta zama siminti, wani lokaci har da baki baki a sama.

A gonar Kawu da aka duba, magudanar dake karshen gonar ta cike da ciyawa da tabo tun tuni, manoman layin kowa yana jiran wani ya fara yashewa. Ba wata mita da zata yashe maka gota.

Inda biron ya tsaya kenan kuma dole in fada dan kar wani ya dauka ya sayi dakin gwaji a aljihu. Yana fada maka yawan gishiri, baya fada maka wane iri. Kasar kanwa tana iya nuna lamba kadan a biron alhali ta lalace, shi yasa nace a hada da takardar pH. Maganinsu ma daban, mai gishiri zalla wanki take so da ruwa mai kyau da magudana, mai sodiyam kuma sai an bata kalsiyam, yawanci jipsom, sannan a wanke, in ka wanke ta haka nan kara toshewa take. Sannan akwai ciwuka biyu da suke kama da na gishiri a ido wanda biron bai san dasu ba sam. Zink yana buya a kasar da ruwa ya dade a kanta, ballantana mai pH sama, zaka ga sati biyu zuwa hudu bayan dashe shinkafa ta tsaya, wata doguwa wata gajera, ganyen kasa da dige dige ruwan kasa. Karfe kuma akasin haka, a fadama mai tsami narkewa yake ya wuce kima, ganye ya koma kalar tsatsa daga baki, wannan an fi ganinsa a kwarurukan nan na kudu da ruwa mai jan mai mai yake tsatsafowa. Abu daya mai dadi, fosforas da karfe ya rike yana sakuwa in ruwa ya kwanta, shi yasa wani lokaci shinkafa take yi a kasar da masara ta ki.

Dan haka muka debi kasar aka kai cibiyar binciken kasa ta CSIR, hukumar binciken kimiyya ta Ghana, dake Kwadaso, a nan cikin Kumasi, mutane da yawa a zango suna wucewa ta wajen basu san aikinsu kenan ba. In zaka kai ka ce a hada maka da zink da sodiyam, ka kuma rubuta a jikin kowace leda daga inda aka debo. Namu ya nuna zink yayi kasa a wajen da yake ciwo, rubabben taki kuma kadan ne a duk gonar, wanda bai bani mamaki ba tunda duk shekara kona karan shinkafar ake yi. Konawar tana tura naitirojin da salfa sama da hayaki, tokar da ta rage kuma bangaren kanwa take ja, a wajen da dama kanwa ce damuwarsa.

Takin da Kawu yake ta nema a kara ma akwai magana. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, amma in ka watsa ta a kan ruwa da tsakar rana, lokacin da gansakuka ta tura pH din ruwan saman har 9, wani kaso mai yawa tashi yake a iska. Gara a rage ruwan a zuba ta shiga tabo, ko ayi amfani da dunkulen yuriya da ake turawa cikin tabo zurfin dan yatsa a tsakanin gindi hudu. Amoniya da mutanenmu suka saba da ita kashi 21 ce kawai, tana da salfa, kuma tana kara wa kasa tsami fiye da yuriya, toh a karshen gonar Kawu tana da amfani, a gonar da dama tsami ne da ita kuma shekara da shekaru ana zubawa kara mata ake. Taki kansa gishiri ne, in ka auna ruwan fangali washegarin zuba shi biron zai yi sama, kar ka tsorata, ka bari kwanaki su wuce.

Illolin biron kansa, murfinsa sako sako ne yana faduwa, ba a barinsa a rana dan allon yana yin baki, kuma zafi yana kara lambar wajen kashi 2 cikin 100 a kowane digiri sama da 25, kwalin yace yana gyara wannan da kansa amma a zafin Maris na Bolga da yake kai 40 ni na fi yarda a auna da safe a inuwa. Batirinsa irin kananan nan ne na agogo, a kauye wahalar samu suke, ka hada da sifiya tun daga Kumasi. A dauraye bakinsa da tataccen ruwa bayan kowane awo in ba haka ba laka ta bushe a kai ya fara karya. Takardar bayanin dake ciki da Turanci ne da rubutu kanana kaman kwayar gero, babu ko kalma daya a kan kasa ko shinkafa, dan asali an yi shi ne saboda masu kifi da masu tace ruwa. Ba sai kowa ya mallaki nasa ba, guda daya ya ishi manoman layi guda in akwai yaro mai karatu da zai rike littafi yana rubuta lambar kowane fangali bayan kowane yanka, tunda hawa ko saukar lambar daga bana zuwa badi ya fi lambar rana daya amfani. Mai kafa biyun na mayar shagon, basu karba ba dan an bude kwali, yaron dai ya bani hakuri ya kara mun kwalin takardar pH daya.